Labbo Mai Yage Leda

Wakili mai shagon babura a kasuwar Sabon Birni macuci ne. Ya daɗe yana sayen baburan da suka yi haɗari suka karye, ya kai a yi musu walda, a bi da fenti, ya naɗe su da leda da kwali irin na kamfani, ya sayar wa talakawa da sunan sababbi. Ya san abin da yake yi, ya kuma san wa yake sayar wa: manomi, ɗan kabu-kabu, mai kai kaya kasuwannin ƙauye. Za ni faɗi yadda ya ƙare. Amma ba don shi na ɗauki biro ba. Macuta sun ishe mu a ƙasar nan, na daji da na gari, na gaji da jin sunayensu. Na ɗauki biro ne don Malam Labbo bakanike, wanda aka ce ya zaɓa tsakanin rumfarsa da gaskiya, ya bar rumfar.

Wanda yake son ganinsa yau ya je Isa, ya bi hanyar da ke fita zuwa Turba. Akwai wata tsohuwar aduwa a bakin hanya. In rana ta ɗan ɗaga za ka gan shi ya iso a ƙasa, da buhun kayan aiki a kafaɗa. Sai ya share gindin itaciyar tukuna. Ya shimfiɗa buhun, ya jera sufanu daga ƙarami zuwa babba, ya ajiye gwangwanin baƙin mai da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya yana jira. Wata rana a kawo aiki, wata rana har azahar babu wanda ya tsaya sai masu gaisuwa. Idonsa ya fara yin hazo, hannun ma yana ɗan rawa in ya kama ƙaramin noti. Ya ce da damina ta wuce zai naɗe buhun ke nan. Shi ya sa na ce bari in rubuta yanzu, yana ji da kunnensa. Mu mutanen nan ba mu iya yabon mutum ba sai mun dawo daga maƙabarta.

Ban san adadin waɗanda Labbo ya koya wa hawan babur tsakanin Sabon Birni da Isa ba, shi ma bai sani ba. Ni ina cikinsu, kuma na koya da furfura a gemu. Yana da wani ƙaramin babur ja, irin wanda muke kira roba-roba, marar kulos, marar nauyi, wanda ba ya shan mai. A kansa kowa yake koyo, a filin Idi in ba lokacin Salla ba. Ranar farko ba ya bari ka tayar da inji. Turawa za ka yi, kana zagaya fili kamar mai jan jaki, kana kama birki kana saki, har gumi ya jiƙa maka riga. In ka yi ƙorafi ya ce, "Gudu kowa ya iya, har mahaukaci. Tsayawa nika koya maka." Bayan nan ya kai ka inda yashi ya fi zurfi, ya sa ka faɗi, ka tashi, ka sake faɗi, har ka daina tsoron ƙasa ka kuma daina damƙar birkin gaba in taya ta fara rawa.

In ka gama koyo ka tambaye shi wane babur za ka saya, amsarsa ɗaya ce ga kowa. Ƙarami, wanda za ka iya ɗagawa kai kaɗai in ya kwanta a gulbi. Wanda in fulogi ya mutu a Turba za ka sami wani a Turba. Wanda ba ya gasa da kai wajen cin abin da ka samo. Yakan ƙara da cewa, "Ka sayi wanda ɓarawon daji ka rainawa. Su manya suka so, masu ɗaukar mutum ukku da bindiga. Naka ya kai ka gona, ya maido ka gida, shi ke nan." Masu shaguna ba su son wannan magana, don riba tana ga manyan. Amma ba ita ta raba shi da rumfarsa ba. Leda ce.

Kowa ya san halinmu da leda. Mutum ya sayi sabon babur, sai ya bar ledar kamfani da kwalin a jiki: a tanki, a wuya, a fitila, a kujera. Wata da watanni yana yawo da ita, rana ta dafa ta, ƙura ta mayar da ita ja, ya sa salatif ya liƙe inda ta yage, don dai duk wanda ya gan shi ya san sabo ya saya. In zai sayar, ledar ce abin da mai saye zai fara dubawa. Mun mayar da leda shaidar gaskiya. Wannan wautar tamu Wakili ya gano, ya zauna a kanta yana ci.

Labbo kuwa tun yana rumfarsa a layin 'yan babura na Sabon Birni yana da ƙa'ida ɗaya. Ba ya taɓa babur, ko iska zai duba a taya, sai ya sa wuƙar nan ya yage ledar duka, ya ɗaga tanki, ya bi ƙashin babur da yatsa tun daga wuya har ƙarƙashin kujera. Da yawa sun zage shi a kan haka. Da yawa sun juya da baburansu sun kai wa na gaba. Shi dai sai ya ce, "Abin da ban gani ba, ban sa mishi hannu."

Wata ranar kasuwa, Illo, wani Bafulatani mai kiwo a dajin gabas da gari, ya sayar da bijimi ya sayi babur a shagon Wakili. Ya turo shi har rumfar Labbo don a ɗaure masa abin da bai ɗauru ba. Ina wurin, na kawo nawa a gyara mani sarƙa. Da Labbo ya zaro wuƙa sai Illo ya riƙe masa hannu.

"Kai Bagobiri! Tsagen huskarka bai ishe ka ba, sai ka tsage mani mashin?"

"Sake ni, ɗan Hulani. In nagge za ka saye, anka lulluɓe ta da bargo anka ce sabuwa ce, ka yarda?"

"Allah shi kiyaye. Sai na ga haƙori, na ga nono, na ga kohwato."

"To wanga ma haƙori garai. Matsa."

Illo ya matsa yana gunaguni, yana cewa Kaɗo ba ya son ya ga Bafulatani da sabon abu. Ana ta dariya. Labbo ya yage ledar tanki, ya yage kwalin da aka naɗe wuyan babur da shi, ya sa yatsa. Dariyar ba ta ƙare ba na ga fuskarsa ta canja. Ya kankare fentin da bakin wuƙa. Ga walda nan, kumburarriya, ta zagaye wuyan, daidai inda gaban babur yake haɗuwa da jikinsa. Wanda bai san babur ba ma ya san abin da wannan ke nufi. Wurin ne yake ɗaukar dukan kowane rami.

Labbo ya ce, "Illo, wanga babur ya taɓa rabuwa biyu. Maida mishi abinai."

Illo ya mayar, da sandarsa a kafaɗa da 'yan'uwansa a baya, Wakili ya ba shi kuɗinsa ba musu. Da maganar ta tsaya nan da ban rubuta komai ba. Amma kafin kasuwa ta tashi Wakili ya kai ƙara ga shugaban ƙungiyar layin. Ya ce waldar ta kamfani ce. Ya ce Labbo ya ɓata masa haja, ya zubar masa da mutunci a gaban Fulani, kuma in aka bar mutum yana yage leda babu mai shagon da zai kwana lafiya. Wakili shi ne mai ba ƙungiya gudummawa duk Salla, shi ya yi wa masallacin layin rufi. Aka kira Labbo a gaban jama'a.

Shugaban ya ce, "Malam Labbo, ba mu son tashin hankali. Ka ba Alhaji Wakili haƙuri, ka ce ido ne yay yaudare ka. Kuma daga yau leda ba taka ba ce, ka gyara abin da anka ce ka gyara. In ba haka ba, rumhwa ta ƙungiya ce."

Labbo ya ce, "Ranka shi daɗe, rumhwa taku ce, gaskiya ne. Ido kuwa nawa ne, kuma ya gani."

"Ka tuna kana da iyali."

"Wanda za shi hau wanga babur ma iyali garai."

Babu wanda ya tashi ya goyi bayansa a cikin masu gyaran layin, alhali rabinsu a hannunsa suka koyi riƙon sufana. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Labbo ya koma rumfarsa, ya tattara kayansa a buhu, ya ɗaure a bayan jan roba-roban nan, ya fita. Matarsa Uwa ta gaya wa iyalina cewa da ya shigo gida da buhun ta tambaye shi, "Malam, yanzu mi za mu ci?" Ya ce, "Abin da munka ci jiya, sai dai a rage gishiri." Ta ce ba ta yi dariya ba. Da zama ya gagara a Sabon Birni, don masu shaguna sun hana a kai masa aiki, sai suka koma Isa, garin iyayenta. Mutumin da ya yi shekara da shekaru da rumfa mai kwano ya dawo gindin aduwa.

Malam Labbo, kai ne wanda aka kora don ya ga abin da yake nan. Ba ka yi gangami ba, ba ka bi gida-gida kana kuka da Wakili ba. Ka share gindin itaciya ka ci gaba da yage leda.

Wakili kuwa ya sake naɗe baburin nan da sabuwar leda ya mayar da shi gaban shago.

A Isa Labbo ya koya wa Fatihu hawa. Fatihu manomi ne daga Kamarawa. Kamar mutane da yawa, rashin kwanciyar hankali ya sa ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya kama ɗaki a Isa, amma gona ba a kwaso ta. Dole ya je da safe ya dawo kafin la'asar ta yi sanyi, kuma hanyar ba wadda mutum zai so inji ya mutu masa a kai ba ce. Ya yi turin babur a filin Idi kamar kowa, ya faɗi a yashi kamar kowa. Ranar da ya gama Labbo ya ce masa, "Duk wanda za ka saye, ƙarami, kuma ka kawo shi nan tun ba ka kai shi gida ba." Fatihu ya ce to.

Ya sayar da amfanin gonarsa ya tafi Sabon Birni. Wakili ya nuna masa babba a kuɗin da bai fi na ƙarami da yawa ba, sabo dal a leda. Saura 'yan kwanaki Babbar Salla. Fatihu ya san abin da wuƙar Labbo za ta yi wa ledarsa, sai ya riƙa zagayewa ta bayan gari. Wata safiya ya manta ya biyo ta gaban aduwa. Masu shan shayi a wurin sun shaida cewa Labbo ya miƙe har tsakiyar hanya yana ɗaga hannu.

"Fatihu! Tsaya in gani!"

"Baba, bayan Salla! Bari mutane su gan shi tukuna!"

"Ni ma mutum ne, tsaya in gan shi!"

Fatihu ya yi dariya, ya danna hon, ya wuce.

Bai kai Salla ba. A wani kwazazzabo kafin Kamarawa, da buhun taki a baya, taya ta faɗa rami, wuyan babur ya ɓalle. Gaba ya yi gefe, baya ya hau kansa. Allah ya yi da sauran kwana, masu amalanke suka tsince shi. Ya rayu, amma ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta sake yi masa aiki ba. Manomi ne. Ba sai na yi bayanin abin da wannan ke nufi ba.

Da labari ya iso, Labbo bai ce "na faɗa" ba. Ya nemi amalanke ya je ya kwaso ɓangarorin baburin biyu, ya kawo gindin aduwa, ya yage abin da ya rage na leda. Ya ga waldar, ya ga kuma wurin da aka sake shafa fenti a kan wani tsohon tabon kankarewa irin na bakin wuƙa. Zuciyarsa ta ba shi, amma zuciya ba shaida ba ce. Da 'yan'uwan Fatihu suka je wa Wakili, cewa ya yi haka aka kawo masa daga kamfani, shi ma cutarsa aka yi, kuma baburin Illo ya daɗe da mayar da shi inda ya fito.

Labbo ya aika aka nemo Illo a ruga. Illo ya zo bayan kwana biyu, ya tsuguna a gaban ƙarafan, bai ko kalli waldar ba. Ya ce a cire kujera. Aka cire. Ya tofa yawu a yatsa ya goge ƙurar da ke jikin ƙarfen, sai ga wata 'yar alama an zana da tsinin wuƙa.

"Shaidar gidanmu ce," in ji Illo. "Ita muka yi ma shanunmu tun kakana. Ranar da nis saye shi, kahin in turo shi wurinka, na ɗaga kujera na yi mishi. Mu ba mu barin dabba babu shaida, ko mai shan hetur ce."

Labbo ya dube shi ya ce, "Ashe kai ka hwara tsage shi, kana zagina."

"Ni ɓoye nawa niy yi, Bagobiri. Ku ka yin naku a huska."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya sosai. Alamar ta nuna cewa baburin da Illo ya mayar, wanda aka nuna waldarsa a gaban kasuwa, shi ne Wakili ya sake naɗewa ya sayar wa Fatihu yana sane. Da aka kai Wakili ƙara, Illo ya kawo saniya har bakin kotu don alƙali ya gwada shaidar da idonsa. Labbo ya tsaya ya faɗi abin da ya gani ranar farko, bai ƙara ba bai rage ba.

Abin da ya fi tsaya mani a rai ba a kotu ya faru ba. Bayan Fatihu ya fara takawa da sanda, Labbo ya ɗauki jan roba-robansa, wanda shi ne rabin abincinsa, ya zauna a kansa kwana da kwanaki. Birkin baya na babur a ƙafar dama yake, ƙafar da Fatihu ya rasa. Da yake roba-roba ba shi da kulos, wanda ake matsawa da hagu in za a sa giya, hannun hagu a sake yake. Labbo ya nemo waya da mariƙi, ya mayar da birkin baya zuwa hannun hagu, ya yi wa ƙafar dama wani ɗan matashi na ƙarfe da za ta zauna a kai. Ya tura shi har ƙofar ɗakin Fatihu.

Fatihu ya fito, ya ga babur, ya juya fuska bango. Ya ce, "Baba, ni da nig guje maka?"

"Kai da kag guje mani. Gobe ka zo filin Idi. Daga tsayawa za mu sake hwarawa."

"To kai da mi za ka koya ma mutane?"

"Na gaji da koyarwa. Kuma ka duba da kyau, babu leda ko ɗaya jikinai."

Yau Fatihu yana zuwa Kamarawa a kan baburin nan. Ba ya iya huɗa, ƙannensa ke yi, shi yana kai musu iri da taki da abinci, ya dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Shi ya sa Labbo yake zuwa gindin aduwa a ƙasa.

Ƙungiyar layin Sabon Birni ta aiko masa cewa ya dawo, an yafe masa. An yafe masa! Ban san laifin da aka yafe ba. Rumfar tasa ma an daɗe da ba mai cajin waya. Ya ce a gode musu, idonsa ba ya kai shi Sabon Birni yanzu. Kuma kada wani ya zaci mun yi hankali. Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya a bakin tasha, baburan da suka wuce ni da leda a tanki sun fi waɗanda babu. Wasu ma a gaban aduwar suke wucewa, su ɗaga wa tsohon hannu, su ƙara wuta.

Malam Labbo, kai ne wuƙa mai ƙotar ƙaho, ba ka yanka kowa ba sai ƙarya. Mun gode. Na gode a madadin waɗanda ka sa suka yi turi a rana suna zaginka a zuci, yau suna kai 'ya'yansu asibiti da matansu kasuwa suna dawowa lafiya. Na gode a madadin Illo, wanda da ba don kai ba, da shi za a tsinta a kwazazzabo. Ba mu biya ka ba, ba mu kuma da abin biyanka. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya saka wa Uwa da ta rage gishiri ba ta bar gidan ba.

Ku masu gyara, musamman waɗanda suka sunkuyar da kai ranar nan, ƙa'idar ba ta da wuya: abin da ba ku gani ba kada ku sa masa hannu, abin da kuka gani kada ku ce ba ku gani ba. Ku masu saye, ku daina cinikin biri a sama. Ku sayi ƙarami wanda za ku iya riƙewa, ku yage ledar da hannunku a gaban mai shago tun ba ku miƙa kuɗi ba. In ya hana, ku bar masa abinsa. Wanda kuma yake da abin hawa a Isa, in ya ga tsoho da buhu a kafaɗa a hanyar Turba, ya tsaya ya ɗauke shi.

Wakili kuwa, alƙali ya same shi da laifin ha'inci da jawo wa mutum naƙasa. An rufe shagonsa, an sayar da abin da ke ciki bayan an yage ledar kowanne, an biya Fatihu diyyar ƙafa. Shi kuma an ɗaure shi shekara uku a gidan yari. Yana can.